Ranar da Na Shiga Ɗakin Inna Yalwa ta Rufi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin wata tsohuwa ta saman rufi ba, kuma ko na so in manta babu hali, domin akwai hoto. Har yau idan na haɗu da tsofaffin ɗalibaina a wurin ɗaurin aure, sai mu gaisa lafiya lau, a tambayi iyali da aiki, can sai in ga idon mutum yana sauka a hankali zuwa ƙafata ta dama. Ni kuwa sai in ja ƙafar in ɓoye ta a bayan ta hagu.

Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun dubu biyu, ina sabon malami a sashen zanen gine-gine na wata babbar makaranta a Kano. Darasin da aka ɗora mini shi ne na gyaran tsofaffin gine-gine da adana su, darasin da manyan malamai suke gudu, don yaran duk burinsu su zana bene mai gilashi a Abuja. Ni kuwa ina son darasin har zuciyata. Ina son ginin ƙasa, ina son sanyinsa da ƙamshinsa bayan ruwan fari, kuma (gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa) ina son jin muryata idan ina bayani a kansa.

Ina da wata doka da nake ji da ita: sanda kafin ƙafa. Rufin soro, ka sani, azara ake jerawa, wato tsagaggen itacen giginya, a shimfiɗa zana a kai, a ɗora ƙasa a daɓe. Daga sama ko'ina ɗaya ne a ido, amma inda ruwa ya daɗe yana kwanciya sai ƙarƙashin ya ruɓe, saman yana nan sumul. Saboda haka ba a taka wuri sai an ƙwanƙwasa shi da sanda an ji amonsa. Na sa yaran nan sun yi ta maimaita dokar da baki ɗaya kamar 'yan firamare, na sa ta a jarrabawa, har akwai wanda na kayar a kanta. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Wata rana bayan darasi wata ɗaliba mai suna Rabi ta tsaya a ƙofar ofishina tana murza bakin mayafi. Yarinya ce mai shiru-shiru, 'yar kujerar baya, wadda ban taɓa jin ta yi tambaya a aji ba.

"Malam, akwai wani ɗaki a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure," in ji ta. "Na kakata ne, Inna Yalwa. Babana zai rushe shi kafin damina."

Ta ce kakan babanta ne ya gina shi, soro ne mai bakan gizo. A cikinsa aka kai Inna tana amarya, a cikinsa ta haifi 'ya'yanta, a cikinsa mijinta ya cika. Tun da aka kawo ruwan noman rani yankin, ƙasa ba ta ƙara bushewa sosai ba, danshi yana ta cin gindin bango. Daminar da ta wuce katangar maƙwabta ta faɗi ta danne awaki. Tun daga ranar babanta, Alhaji Sule, mai injin casar shinkafa a Kura, ya ce mahaifiyarsa ba za ta sake yin damina a ɗakin ƙasa ba, zai yi mata na bulo da rufin kwano. Inna ba ta yi masa musu ba. Ta dai rage cin abinci.

"Ya ce in masana suka duba suka ce ɗakin lafiya lau ne, zai saurara," in ji Rabi. "Shi ne na ce masa ai muna da masani."

Ban san lokacin da na gyara zama ba. Babu wanda ya taɓa kira na masani, ko a gidanmu.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka cika motar makaranta, ni da 'yan ajin, da tef ɗin awo, da tsani, da sanduna, da kyamarar sashe wadda na damƙa wa Ishaya, wani ɗan Filato mai tsananin bin umarni. Na ce masa, "Duk abin da ka gani a ɗakin nan ka ɗauka. Kada ka tsaya tunanin ko yana da amfani, daga baya ake sanin amfanin hoto." (Wannan ma ka riƙe.) Ni kuma na caɓa ado, rigar safari da wandonta, da sabon takalmi sau-ciki da na saya musamman don tafiyar. Safa ce kawai ban saya ba, na ce wa zai ga safa.

Ƙarshen rani ne, zafi ya fara, amma da muka wuce Kura sai ka ce wata ƙasa muka shiga. Ruwa na gudu a kanal, albasa da masara kore shar, tumatir kuwa ya yi yawa har ya rasa mai saya. Duk inda ka duba an yanka shi an shanya, a bakin titi, a kan buhuna, a kan soraye, ja wur.

Ɗakin ya fi yadda Rabi ta faɗa. Da muka yi sallama muka shiga, sanyi ya tare mu kamar an buɗe randa. Bakuna biyu suka taso daga bango suka gitta juna a sama, a mahaɗarsu an kafa wata tsohuwar tasa mai zanen fure, azara kuwa jere reras, hayaƙin fitila ya mai da ita baƙa ƙirin. Yaran nan masu mafarkin gilashi suka tsaya, kowa kansa a ɗage. Inna Yalwa tana zaune a tabarma kusa da gadonta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai idon tsokana. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne malamin Rabi? Ai na ɗauka tsoho ne. Sannunku da hanya, a kawo musu ruwa."

Muka yi awo, muka bi tsagar bango ɗaya bayan ɗaya, muka ɗan tona gindin ginin. Gaskiyar magana ɗakin da sauran ƙarfinsa. Gindin ya zaizaye ta gefen da ruwan wanke-wanke yake kwanciya, wani indararo ya toshe, amma bakunan ko motsi babu. Aikin 'yan makonni ne. Da a nan na tsaya, na gaya wa mai gida abin da muka gani na kama hanyar Kano, da yau ba ni da labarin da zan ba ka.

Alhaji Sule ya iso bayan azahar, buntun shinkafa a kafaɗar rigarsa. Mutum ne mai nauyin baki, kuma da gani ka san tsoro ne yake damun sa, ba son bulo ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gai da Inna, ta amsa tana kallon wani gefe, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Sannan muka fito tsakar gida na fara yi masa bayani. Na yi maganar yadda nauyi yake bin baka ya sauka ƙasa, na yi maganar tarihi, na kawo masa labarin gine-ginen ƙasa a ƙasashen da bai tambaye ni ba. Rabin maganar ma da Turanci na yi. Ya bar ni har na gaji don kaina.

"Malam, duk na ji," in ji shi. "Tambayata ɗaya ce. Rufin nan zai faɗo mata ko ba zai faɗo ba?"

"Ba zai faɗo ba, Alhaji."

"Wanda ya gina katangar can ma haka ya ce."

Na dubi Rabi, tana raɓe a bayan ƙawayenta, idonta a kaina. Na dubi sauran ɗalibaina. Sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki ya hau kai, irin abin nan da yake sa mai tumbi ya ce a zo a yi tsere.

"A kafa tsani," na ce. "Zan nuna maka da idonka."

Ba a hawa soro a ƙauye haka kawai, sai an yi shela, don matan maƙwabta su kimtsa ko su shige ɗaki. Wani ɗalibi ya gyara murya zai yi, na ce ya bari. Na cika ƙirji na kwarara: "Za a hau soro! Masu gida a kimtsa, za a hau soro!" Na juya gabas na yi, na juya yamma na yi, da muryar nan da nake ji da ita. Mata suka shige ɗakuna, maza kuwa da suke hutawa a gindin bishiya suka taso suka cika lungu. Wato da bakina na tara wa kaina 'yan kallo.

Na kama tsani. Sandar tana jingine a gindinsa, na wuce ta. Na ji Rabi ta ce, "Malam, sanda," a hankali, na ɗaga mata hannu alamar ta kwantar da hankalinta. A raina na ce dokar ta ɗalibai ce, ni da na auna ɗakin daga ciki ai na san inda kowace azara take kwance.

Rufin a lulluɓe yake da kauɗar Inna, yankakken tumatirin da aka shanya mata, sai 'yar hanya da aka bari a tsakiya. Na bi layin baka ina takawa da ƙarfi. Na buga ƙafa, na sake bugawa, ko gezau. Daga lungu na ji wani dattijo ya ce, "Ai ginin magabata ke nan." Alhaji ya sauke hannuwansa daga ƙirji. Wallahi a wannan lokacin na riga na ci, ɗakin ya tsira, abin da ya rage kawai in sauko in karɓi godiya. Amma irina idan ya ga ana sauraron sa ba ya iya yin shiru.

"Ba tsakiyar kaɗai ba," na ce. "Ko'ina haka yake. Ku duba nan."

Na ja da baya zuwa kusurwar gabas, inda kauɗa ta fi kauri, na tattara duk abin da Allah Ya ba ni na nauyi (kuma Ya ba ni), na yi tsalle.

Ban ji wata babbar ƙara ba. Wani ɗan ƙas na ji, kamar an karya rake, sai na ga lungu da mutanen cikinsa sun yi sama, ni na yi ƙasa. Ƙafata ta dama ta shige har cinya. Ta hagu ta lanƙwashe a gabana, wandona ya yage ta inda ba a faɗa, kauɗa ta dinga gangarawa ta gefen cinyata tana zuba cikin ɗakin. Sai na ji wata iska mai sanyi tana kaɗa mini babban yatsa. A nan na gane takalmin ya fita, kuma safar nan da na ce wa zai gani a huje take, ana kuma ganin ta.

Wurin ya yi tsit, ko akuya ba ta yi kuka ba. Can daga ƙarƙashina, cikin ɗakin, na ji ƙyas ɗin kyamara. Ishaya ne, yana bin umarni.

Sai muryar Inna ta taso, a natse, kamar mai yi wa jika magana.

"Malamin Rabi, kai ne? Ai ko ta ina mutum zai shigo, ya yi sallama."

Ni kuwa kaina ya riga ya kwance. Na sunkuya wajen ramin, cikin ladabi, na ce, "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Shigo da sauran mana."

A nan lungu ya fashe. Dattawa masu furfura suna dariya suna dafa bango. Na yi ƙoƙarin zaro ƙafar, karyayyun itatuwa suka riƙe wandon. Can wata mata ta ɗaga murya daga cikin ɗakinta a maƙwabta, "Wai mai hawa soron bai sauko ba ne? Tukunyata na kan wuta." Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ai ta tsage ɗin, iyakar abin da ta yarda ta karɓa ke nan.

Ɗalibaina ne suka cece ni, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daidai yadda na koya musu suka yi. Rabi daga ƙasa ta ce a samo katako a gitta a kan bakunan don nauyi ya rarrabu. Aka ciro wani tsohon ƙyaure aka miƙa sama. Wasu samari suka hau babu takalmi, kowa da sandarsa, suna nufo ni suna ƙwanƙwasawa, sai an buga sannan a taka. Na gaban har yana motsa baki, na kuma san abin da yake karantawa. Ba tsokana yake yi ba, tsoron faɗawa yake, amma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na sauko da takalmi ɗaya, wani bawan Allah ya miƙo mini buhun taki na ɗaura a ƙugu. Alhaji ne kaɗai bai yi dariya ba. Tun da ƙafata ta shige ya ruga ɗakin, ya ga ɓaraguzan ƙasa sun zubo dab da tabarmar mahaifiyarsa. Ya fito ya tsaya a gabana.

"Malam, sannu. Allah Ya kiyaye gaba," in ji shi, bai ko ɗaga murya ba. "Gobe zan kawo masu rushewa. Yau za ta kwana a ɗakin uwar Rabi."

Sai a lokacin kunyar gaske ta zo, ta wando da safa ashe wasa ce. Yarinyar nan ta ɗauko ni tun daga Kano don in ceci ɗakin kakarta, na zo na huda shi da ƙafata a gaban gari. Na ga Rabi ta juya fuskarta bango tana goge ido da mayafi.

"A ce wa malamin Rabi ya shigo," in ji Inna daga ciki. "Ta ƙofa."

Na shiga ina ɗingishi. Hasken rana ya sauko ta ramin ya kwanta a kan gadon. Inna tana tsince kauɗa tana zubawa a faifai, takalmina a kan cinyarta. Alhaji ya tsuguna a bakin ƙofa, Rabi a bayansa. Inna ta miƙo mini wani guntun itace.

"An ce kai masani ne. Wannan azara ce?"

Na jujjuya shi. "A'a, Inna. Darbejiya ce."

Na ɗaga kai na duba ramin. Azarar da take kewaye duk lafiyarta ƙalau, ko ɗaya ba ta karye ba. Ashe faci na taka, wani ɗan wuri da bai wuce faɗin faifai ba, hayaƙi ya rine shi ya saje da sauran.

"Wani yaro ne ya yi shi," in ji ta. Ni take kallo, ba ta ko waiwayi ƙofa ba. "Shekarar da mai gidana ya kwanta ciwon ajali, cikin marka, sai nan ya fara yoyo, daidai kansa. Muka ja gado, ya ce a mai da shi inda ya saba. Aka nemi azara ba a samu ba, magini ya ce sai ruwa ya ɗauke. Yaron nan lokacin ko aure bai yi ba. Ya sari darbejiyar ƙofar gida, ya hau ana tsuga ruwa, ya toshe. Ya sauko yana rawar ɗari, bai ce wa kowa komai ba."

Ta tsamo wata tsakuwa daga cikin kauɗar ta yar.

"Mai gidana ya cika a kan gadon nan, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Bayan nan duk maginin da ya zo yaɓe sai ya ce a canza wurin, ni nake hanawa. In na kwanta shi nake kallo. To, ka ga laifin ba naka ba ne kai kaɗai, har da nawa."

Na saci kallon Alhaji. Mutum mai inji da ma'aikata, mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa. Daga baya Rabi ta gaya mini tun da take ba ta taɓa jin kakarta ta yabi babanta ba, ko a bayan idonsa, sai ranar.

"Amma fa wanda ya huda shi zai toshe," Inna ta ci gaba, ta tura takalmina ƙarƙashin gado. "Ba za a ce baƙo ya fasa mini ɗaki ya tafi bai gyara ba. Ranar da ka rufe shi ka zo ka karɓi abinka. In an gama, mai son rushewa ya rushe."

Da Alhaji ya ɗago ni ya kalla, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Malam, yanzu a ina ake samun azara mai kyau?"

Na koma Kano da buhun taki a ƙugu da silifas ɗin alwala na aro. A motar, muna shigowa gari, sai Ishaya ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya, "Malam, fim ɗin nan, a wanke duka?" Na ce a wanke duka, ai ni na kafa dokar.

Muka yi ta komawa duk Asabar har ƙarshen bazara. Inna ba ta kwana a ɗakin kowa ba, zana aka ɗora mata a kan ramin. Yaran suka tuɓe takalma suka shiga kwaɓin ƙasa da ciyawa, suka cike gindin bango, suka karkatar da ruwan wanke-wanke, suka buɗe indararo. Wani tsohon magini na garin ya nuna musu yadda ake jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe saman don ruwa ya zame. Masu mafarkin gilashi suka koma gardama a kan wane kududdufi ne ƙasarsa ta fi danƙo. Babbar gardamar kuwa a kan facin aka yi. A cikin itatuwan darbejiyar akwai ɗaya da ƙafata ba ta karya ba. Wasu suka ce a cire shi, ai ba asalin ginin ba ne. Rabi, wadda ba ta tambaya a aji, ta miƙe ta ce a bar shi a tsakanin sabuwar azara, kada a ɗora masa nauyi, a dai bar shi inda mai kwanciya a gadon zai gan shi. Haka aka yi.

Ranar rufi Alhaji ya kulle injinsa ya zo. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki sanda, ya hau yana ƙwanƙwasawa, shi ya jera azarar da hannunsa. Ni kuwa an yi shawara a bayan idona, an yanke cewa ba zan ƙara hawa ba. Aikin da aka ba ni shi ne shela, tunda gari ya shaida ina da murya.

Bayan ruwan fari na je karɓar takalmina. Inna ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, an goge shi da man gyaɗa yana ƙyalli, ta haɗa mini da ƙullin kauɗa da wata 'yar leda, ta ce kada in buɗe sai a hanya. Na buɗe a mota, safa ce sabuwa. Maganar rushewa kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Inna ta ƙara ganin damina da dama a ɗakinta. Wata safiya cikin marka wayata ta yi ƙara, Rabi ce, lokacin ta gama makaranta tana aikin gyaran wani tsohon masallaci. Ta ce Inna ta rasu bayan sallar asuba, a kan gadonta, ana ruwa. Na yi mata ta'aziyya. Sai ta ce, "Malam, Baba ya ce in gaya maka, ko ɗigo bai taɓa ta ba." Na ajiye wayar, na tura ƙofar ofis, na yi kuka sosai, kuma wannan kam ba na jin kunyar faɗa.

Hoton kuwa na daina ɓoye shi, don na lura kowane sabon aji kafin ya ga fuskata ya riga ya ga ƙafata. Yanzu da kaina nake nuna shi a darasin farko: ga bakan gizo, ga tasa mai fure, ga ƙafa tana reto da babban yatsa a waje. In sun gama dariya sai in ce musu dokar tana nan, sanda kafin ƙafa, amma na yi mata ƙari. Kafin sandar ma, ku zauna a tabarma ku tambayi mai ɗakin inda yake kallo idan ya kwanta. Sannan duk ranar da wani ya kira ku masana, ku duba safarku kafin ku fita daga gida.